IYA RUWA FID DA KAI: YADDA A KE KOYON IYON RARRAFE BA TARE DA HAKI BA

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, koguna suka kawo, tafkuna da kududdufai suka cika suka batse, sai labaran baƙin ciki su fara iso mana daga ko'ina: yau yaro ya tafi wanka bai komo ba, gobe kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa. Abin kuwa bai tsaya ga damina kaɗai ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari, ƙasar Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu 'yan makarantar Islamiyya. Cikin watan Yuni 2023 kuma Kwara ta ci fiye da mutum 100 a ƙasar Patigi, suna komowa daga biki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ruwa ya ci wajen mutum 300,000 a duniya cikin 2021 kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba, kuma in an gwada da yawan jama'a babu inda abin ya fi ɓarna kamar Afirka.

Ba mu ce iya iyo shi ne maganin wannan duka ba. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, aka tashe shi da dare, ba rigar ceto ko ɗaya a ciki, maganarsa tana wuyan masu jirgi da hukuma. Amma akwai rabon da ya ke na kowa. Sau da yawa ruwa na cin mutum ne yana kallon gaɓa, abin da ya rage tsakaninsa da tudu bai fi faɗin tsakar gida ba. Da yawa daga cikinmu malaman makaranta da akawuna mun tashi a garuruwan da ke nesa da gulbi, sa'an nan aiki ya kai mu inda ba a zuwa kasuwa ko makarantar ƙauye sai an yi fito. Wasu kuma sun taɓa gwada koyon iyo, suka yi yadi goma suka kama haki kamar an yi tseren mil da su, suka fito suna cewa abin na masu ƙarfi ne. To, waɗannan mu ke so mu yi wa magana. Ba ƙarancin ƙarfi ya gajiyar da su ba, yawan ƙarfin da suka sa ne.

ASALIN ABIN

Irin iyon da mu ke nufi shi ne wanda mutum ke kwantawa rub da ciki bisa ruwa, yana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya ta sama, ƙafafu na kaɗawa a baya. Mutanen Ingila suna kiransa kurol, watau rarrafe, mu ma sai mu ce da shi iyon rarrafe. Kada wani ya zaci Turawa suka ƙago shi. Su ne ma kusan na ƙarshen koyo. Wani masanin tarihi ɗan Amurka, Kevin Dawson, ya tara labaran da matafiyan Turai suka rubuta tun ɗaruruwan shekaru game da mutanen bakin tekun Afirka ta Yamma, ya buga littafi a kai cikin 2018. Matafiyan nan sun yi ta mamakin saurin mutanen cikin ruwa da yadda su ke jefa hannu bi da bi, alhali su kansu wanda ya iya ruwa a cikinsu iyon kwaɗo ya sani.

Cikin 1844 aka kai mutum biyu 'yan ƙabilar Ojibwe ta Amurka ta Arewa wani wurin iyo a Landan, suka yi irin nasu, ɗaya ya ci ƙafa 130 cikin daƙiƙa 30. 'Yan kallo suka ga saurin, amma suka ce fantsamar ruwan ta yi yawa, ba ta dace da mutumin kirki ba, suka koma wa iyon kwaɗonsu. Da shi Kyaftin Matthew Webb ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa cikin 1875, ya yi awa 21 da minti 45 a ruwa. Sai daga baya wani yaro daga tsibiran Solomon, Alick Wickham, ya zo birnin Sidni na Ostareliya da iyon ƙasarsu, 'yan gidan Cavill kuma, waɗanda iyo ne sana'arsu, suka gyara shi suka watsa. Cikin 1902 Dick Cavill ya ci yadi 100 bai cika minti ɗaya ba, cikin 1922 kuma Johnny Weissmuller na Amurka ya yi haka a mita 100.

Har a lokacin ana ɗauka wannan iyo na ɗan gajeren tsere ne, ba mai iya daɗewa yana yi. Wata budurwa 'yar shekara 20, Gertrude Ederle, ita ta kashe wannan zato. Ran 6 ga Agusta 1926 ta ƙetare mashigin nan daga Faransa zuwa Ingila da iyon rarrafe cikin awa 14 da 'yan kai, ta rage kusan awa biyu daga lokacin wanda ya fi sauri cikin maza biyar da suka riga ta. Wanda ya yi awa 14 yana abu, lalle ba da haki ya ke yinsa ba.

Mai son ganin ɗaya gefen kuwa sai ya tuna da Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini a wasannin Olamfik na Sidni cikin 2000. 'Yan watanni kaɗai ya yi yana koyo a wani ɗan tafkin otal a Malabo, bai taɓa ganin tafkin tsere mai tsawon mita 50 ba. Abokan karawarsa biyu, ɗaya daga Nijar ɗaya daga Tajikistan, suka yi riga malam masallaci, suka faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka fid da su, ya rage shi kaɗai. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, ya fara da zafi, kansa a sama, hannuwa na dukan ruwa. Kafin ya ƙare mita 100 ɗin har 'yan kallo sun fara tsoron ko zai kai. Ya kai a minti 1 da daƙiƙa 52, fiye da ninki biyu na wanda ya ci tseren a shekarar. Bayan 'yan shekaru, da ya sami koyarwa, ya komo yana cin wannan nisa bai cika minti ɗaya ba, cikin 2012 kuma aka naɗa shi mai horad da 'yan iyon ƙasarsu. Jikin dai shi ne, dabara ce ta sake.

Dalilin a fili ya ke. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, kuma in ka ninka saurinka sau biyu, turjiyar da zai yi maka ta ninku wajen sau huɗu. Saboda haka wanda ya ce zai yi kokawa da ruwa ya kama abokin kokawar da ba ya gajiya.

INDA ZA A KOYA

Kafin a shiga, a zaɓi wuri. Mafi kyau shi ne tafkin siminti da a ke ginawa domin iyo, mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, inda akwai mai tsaro. Inda babu shi, a nemi wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba, ba ya gudu, ƙasansa rairayi ne shimfiɗaɗɗe, a kuma tambayi masuntan wurin, gama da ɗan gari a kan ci gari. A guji ramukan da aka haƙi ƙasar gini ko ta hanya: bakinsu iya gwiwa, taki ɗaya gaba sun shanye mutum. Kada kowa ya koya shi kaɗai, ko da rana ɗaya. Tilas a sami wanda ya iya ruwa yana tsaye yana kallo, ba yana hira ba. Mata da 'yan mata su ma ruwa ba ya ƙyale su, su ne ma ke cika jiragen biki da na kasuwa, don haka a ware musu lokacinsu da mai koya musu mace.

Akwai kuma tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta tana girma cikin wasu ƙananan katantanwa na kwantaccen ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya sani ba. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ne kamar yadda wasu ke zato, cuta ce, kuma akwai maganinta a asibiti. Kududdufin da aka san yaran unguwa na fitsarin jini a dalilinsa ba wurin koyon iyo ba ne.

NUMFASHI TUKUNA

Darasin farko babu iyo a cikinsa, kuma shi ne wanda manya suka fi rainawa. Ka tsaya inda ruwa ya kawo maka ƙugu ko ƙirji, ka shaƙi iska ta baki daidai wa daida, ka sunkuya ka sa fuska cikin ruwa, ka riƙa fitar da iskar a hankali ta hanci da baki, kumfa na tashi ɓul-ɓul. In ta kusa ƙarewa ka ɗago, ka shaƙa, ka koma. Ka yi ta yi har ka iya jera ashirin kana nan a natse. In ka sami tabarau na ruwa ya taimaka ƙwarai, gama rabin tsoro daga rashin gani ya ke. Iskar da ke fita ta hanci kuwa ita ce ke hana ruwa shiga cikinsa.

Me ya sa mu ke dagewa a kan wannan? Domin kusan duk sabon shiga riƙe numfashi ya ke yi in fuskarsa na cikin ruwa. To, bakinsa ba ya samun fita sai na ɗan ƙiftawar ido, a cikin wannan ɗan lokaci kuma sai ya so ya fitar da tsohuwar iska ya kuma shaƙi sabuwa. Ba ya yiwuwa. Sai gurɓatacciyar iskar da jiki ke son zubarwa ta yi ta taruwa a jini, ita ce kuwa ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi, ba ƙarewar kyakkyawar iska ba. Da jin haka sai tsoro ya zo, jiki ya sandare, hannuwa su ƙara sauri, buƙatar iska ta ƙaru. Haki na haifar tsoro, tsoro na haifar haki. Wanda ya fitar da iskarsa tun cikin ruwa kuwa, in bakinsa ya fito aiki ɗaya ya rage masa.

GORAR DA KE ƘIRJI

Duk wanda ya ga masunta a Matan Fada ranar sun Argungu ya ga yadda mutum ke kwanciya bisa gora, homa a hannu, ruwa na ɗauke da shi ba wahala. Kowane ɗan Adam yana da irin wannan gora a ƙirjinsa, watau huhu. Sai dai ba a tsakiyar jiki ta ke ba, tana can sama, ƙafafu kuwa ƙashi ne da tsoka, nauyi gare su. Jikin mai iyo kamar sikeli ya ke, ƙirji ne tsakiyarsa. Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. In ka ɗaga shi sama da ruwa domin ka ga gabanka, nan take ƙugu da ƙafafu su yi ƙasa, ka zama kana jan jikinka a karkace kamar mai hawan tudu. Wannan ita ce babbar ɓarnar masu koyo, kuma ƙara dukan ruwa da ƙafa ba ya gyara ta.

Gyaran shi ne ka bar wa ruwa kanka ya ɗauka. Ka shaƙi iska, ka miƙa hannuwa gaba, ka kwanta rub da ciki, idonka na duban ƙasan ruwa, wuya a sake, ruwa na taɓa tsakar ka. Sa'an nan ka ɗan danna ƙirjinka cikin ruwa kamar mai jingina da gora, za ka ji ƙugu ya taso da kansa. Mutane sun bambanta: mai ƙiba ya fi saurin tasowa, siriri mai tsoka ya kan ɗan nutsa, amma kada wannan ya karya masa zuciya, da ya fara tafiya gaba ƙafafun za su biyo.

Abu biyu kada a tsallake a nan. Na farko, yadda a ke miƙewa tsaye daga kwance: ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ka danna ruwa ƙasa da hannuwa biyu, ka dasa ƙafa, kana ka ɗago kai. Mutum na iya shan ruwa a wurin da bai wuce cibiyarsa ba saboda rashin sanin wannan. Na biyu, juyawa rigingine: kunnuwa cikin ruwa, ido na kallon sama, ciki a ɗage, kana numfashi yadda ka ga dama. A ganinmu wannan ya fi iyon kansa muhimmanci, domin shi ne hutun wanda ya gaji a tsakiyar ruwa.

In an sami waɗannan, sai a tokari bango ko ƙasa da ƙafa, a sulala gaba a miƙe kamar kibiya, ba motsi, a ga inda za a kai. Nan ne mai koyo ke fara gane cewa ruwa na barin siririn abu ya wuce.

Ƙafafu ba su buƙatar dogon bayani. Motsin daga ƙugu ya ke tasowa, ba daga gwiwa ba. Ba tuƙa keke a ke yi ba. Idon sawu a sake, kaɗawar ƙarama, dunduniya na ɗan taɓa saman ruwa. Tsokar cinya babba ce, tana cin iska da yawa, abin da ta ke bayarwa na tafiya kuwa kaɗan ne. 'Yan gajeren tsere su kan kaɗa ƙafa sau shida kafin hannuwa biyu su zagayo, masu dogon zango da yawa kuwa sau biyu tak. Mai koyo ya bi na biyun.

HANNU DA JUYI

Gwanin iyo ba a shimfiɗe ya ke tafiya kamar faifai ba. Jikinsa na ɗan mirginawa dama da hagu, kafaɗa da ƙugu tare, kai kuwa na nan a tsaye ba ya bin su. In hannun dama ya shiga ruwa, yatsu a gaba, daidai saitin kafaɗa, sai a miƙa shi can gaba, jiki ya karkata bisa gefen dama, kafaɗar hagu ta fito fili. Daga nan sai a lanƙwasa gwiwar hannu kaɗan, tafi ya dubi baya, a tura ruwan baya har hannu ya fita wajen cinya. A lura, baya a ke tura ruwa, ba ƙasa ba. Mai danna ruwa ƙasa sama ya ke ɗaga kansa, ba gaba ba. Wajen komo da hannu ta sama kuwa gwiwar hannu ke jagora, tafi na reto a sake, gama wannan ne lokacin hutun hannun.

Sirrin natsuwar yana ga haƙurin hannun da ke gaba. Kada ya yi gaggawar ja. Ya dakata a miƙe har ɗan'uwansa ya kusa iso shi. Ta haka kullum jiki na da tsawo, dogon kwale-kwale kuwa ya fi gajere sulɓi. Wani mai koyar da iyo a Amurka, Terry Laughlin, wanda ya kafa makarantarsa cikin 1989 ya kuma rasu cikin 2017, a kan wannan ya gina koyarwarsa ga manya: daidaita jiki da rage turjiya tukuna, ƙarfi daga baya. Ya kan sa almajiransa su ƙirga jifan hannu nawa ke kai su ƙarshen tafki. In jiya 30 ne yau 26, an ci gaba, ko da agogo bai nuna ba.

Saura haɗa numfashi da wannan juyi, nan ne kuwa a kan daɗe. Ba ɗaga kai a ke yi ba, juya shi a ke yi tare da jiki. Sa'ad da jiki ya karkata bisa hannun da ke miƙe, sai haɓa ta bi kafaɗar da ta fito, kunne ɗaya da ido ɗaya na cikin ruwa, baki ya fito gefe. Kan mai tafiya yana tura ruwa gaba, sai ɗan kwari ya samu daidai kumatu, a cikin kwarin nan a ke shaƙar iska. A shaƙa kaɗan, ba cika ƙirji fam ba, a mai da fuska kafin hannu ya shiga, a ci gaba da busa kumfa. Wasu na shaƙa bayan jifa biyu, kullum gefe ɗaya; wasu bayan uku, dama da hagu. Mai koyo ya fara da biyu domin kada iska ta yanke masa, amma ya saba da gefe biyun, gama a kogi ba ka san ta inda igiyar ruwa za ta bugo ba. Ruwa zai shiga baki, ba makawa. A furzar da shi cikin ruwa a wuce. In an ƙware, a juya rigingine a yi tari, ba abin kunya ba ne.

GA MALAMAN MAKARANTA

Abin da ya sa muka fi sa rai ga malamai shi ne abin da aka gani a Bangaladash, ƙasar da ruwa ya fi tamu yawa, talauci kuma bai bar ta ba. Tun wajen 2006 su ke da wani shiri mai suna SwimSafe: a kafa dandamali da shinge na itacen gora a cikin tafkin ƙauye domin zurfin ya zama daidai yara, a horad da samari da 'yan matan garin su koyar. Ba tsere su ke nema ba. Yaro ya ci jarrabawa in ya iya iyon mita 25, watau wajen yadi 27, ya kuma tsaya bisa ruwa daƙiƙa 30 bai nutse ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a koya wa yara 'yan shekara 6 zuwa sama irin wannan, ƙananan kuwa tsaro su ke buƙata, ba darasi ba.

A cikin darasin har da yadda a ke ceto. Wanda ruwa ke ci sau da yawa ba ya iya ihu, sai dai ka ga kai na nitso yana tasowa, baki daidai ruwa. Kuma Hausawa sun riga sun faɗa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. In wuyanka ya samu, shi zai kama, a rasa biyu maimakon ɗaya. A koya wa yara su yi kururuwa, su kwanta a gaɓa su miƙa doguwar sanda ko zane, ko su jefa igiya ko jarka marar kome a rufe, kada su faɗa. Sabon mai iyo ya fi kowa buƙatar jin wannan, domin shi ne ke ganin ya isa. Haka kuma iya yadi 27 a kwantaccen ruwa ba izinin ƙetare Kwara ba ne, ba kuma dalilin ƙin sa rigar ceto a jirgi ba.

Game da lokaci, rabin awa sau biyu ko uku a mako ya fi wuni guda a wata. A riƙa yin gajeren zango, yadi biyar ko goma, a tsaya a huta, a sake, domin da zarar gajiya ta shigo sai kai ya ɗagu, tsohon hali ya komo, mai koyo ya zama yana maimaita kuskure ne. Malami ba ya buƙatar agogo wajen auna ɗalibinsa. Ya tsaya a inda zai fito, ya gaishe shi. In ya amsa gaisuwa daidai, a ƙara masa yadi biyar gobe; in haki ya hana shi amsawa, a komar da shi inda ruwa ya kawo ƙugu ya sake busa kumfa.